Kafin ka ce "na yafe": fashin baƙi kan diyyar rauni da haɗari a Najeriya

Akwai wani ɗan uwanmu magini, shekarun baya mota ta kaɗe shi yana kan babur zai tafi wurin aiki da sassafe, ƙafar dama ta karye gida biyu. Motar ta wata ma'aikatar gwamnati ce, direban kuma bawan Allah ne talaka irinmu mai iyali. Tun ba a yi kwana biyu ba sai ga dangin direban sun zo asibiti da dattawan unguwarsu, aka yi jaje, aka ajiye ɗan abin da ya samu na magani, aka ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, mu ma manyanmu suka ce ai ba komai wallahi mun yafe, Allah ya kiyaye gaba. Har takarda aka rubuta a ofishin ƴan sanda kowa ya sa hannu. Shi mai ƙafar yana kwance ko magana ba ya iya yi sosai saboda zafi, ba wanda ya tambaye shi. Bayan wata uku likita yace sai an saka ƙarfe, aka sayar da fili aka yi, kuma har yau bai ƙara hawa gini ba.

Tun daga lokacin nake bibiyar wannan magana ta diyya, kuma tambayoyin da mutanenmu ke yi kusan iri ɗaya ne kullum.

Ta farko, wacce ma ita ce take hana a yi sauran, ita ce wai karɓar diyya ba rashin tawakkali bane? ba cin kuɗin jini bane? To jama'a mu duba aya ta 92 a Suratun Nisa'i, a kan kisan KUSKURE ta sauka, wato wanda bai yi niyya ba sam, amma duk da haka Allah ya ɗora masa kaffara ya kuma ce a miƙa diyya ga iyalan mamacin, sai dai in su suka ga dama suka yi sadaka da ita. Kaga kenan "ai ba da gangan ya yi ba" ba ta kore diyya, asali ma don irin wannan aka shar'anta ta. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa a mazhabar Malikiyya da muke bi. Dinari ɗaya ana ƙiyasta shi da giram 4.25, kenan kilo 4 da kwata na zinare, wanda a farashin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne, shi yasa hukumomin zakka na jihohi suke fitar da lissafinta tare da nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki, yana hawa yana sauka da farashin zinare. Kuma ba rai kaɗai ba, wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru bn Hazm, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta bi gaɓɓai: ido ɗaya rabin diyya, hannu ɗaya rabi, ƙafa ɗaya rabi, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5, raunin da ya huda ciki sulusi. Addinin da ya zauna ya ƙidaya kuɗin yatsa da haƙori ba shi zai ce maka neman haƙƙin ƙafarka rashin imani ne ba.

Yafiya alheri ce babba, ba na ja da wannan ko kaɗan. Abin da yake ci min rai shine waye yake yafewar. Diyyar kisan kuskure gado ce, ana raba ta ne kamar yadda ake raba sauran dukiyar mamaci, matarsa na da kaso, uwarsa na da kaso, ƴaƴansa na da kaso. Baffa ko kawu ya miƙe a wurin zaman makoki yace mun yafe duniya da lahira, alhali ko sisi ba shi da shi a gadon, ga marayu biyar ƙanana a ɗaki, wannan kyauta ya yi da dukiyar da ba tasa ba. Babba mai hankali yana iya yafe kasonsa shi kaɗai, amma kason yaro ƙarami amana ce. Kuma a lura, a shari'a diyyar kuskure ba a kan wuyan mutum ɗaya take ba, dangin mai laifin ta wajen uba ne suke haɗuwa su biya, abin da malamai ke kira aƙila, a cikin shekara 3. Wato tun asali an san mutum ɗaya ba zai iya ba, aka yi tsarin da za a rarraba nauyin.

Sai tambaya ta biyu, mutum yace ai mun kai maganar wurin ƴan sanda har an kai direban kotu, me kuma ya rage? Nan ne ake yawan ruɗewa. Shari'a kashi biyu ce. Akwai ta laifi, wadda gwamnati ce take ƙarar direban kan tuƙin ganganci, kai sheda ne kawai a ciki, in an ci shi tara kuɗin aljihun gwamnati za su ba naka ba. Sannan akwai ƙarar neman haƙƙi, wadda kai ne da kanka kake shigarwa kace wane ya ji min ciwo ina neman a biya ni kaza. Ɗaya ba ta hana ɗaya, kuma ko an sallami direban a shari'ar laifi kana iya cin nasara a ta diyya, domin a ta laifi sai an tabbatar ba tare da wani kokwanto ba, a ta diyya kuwa rinjayen hujja kawai ake dubawa. Sai dai akwai wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba, alƙalin da ke shari'ar laifin shi ma doka ta ba shi ikon ya umarci mai laifi ya biya wanda aka cuta, yana nan a sashe na 78 na kundin dokokin laifuka na Final Kod da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 319 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015. Amma sai ka buɗe baki, ka gaya wa mai gabatar da ƙara, ka ba shi rasit ɗinka, in ka yi shiru shi ma wucewa zai yi. A jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta fara a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, kotunan shari'a na sauraron maganar diyya tsakanin Musulmi, amma in kamfani ne ko inshora ko hukumar gwamnati a ɗaya ɓangaren, yawanci Babbar Kotu ake nufa.

To a Babbar Kotun me zaka tabbatar? Kalma ɗaya ce, sakaci. Kuma asalin wannan doka labari ne mai ban mamaki da muka gada daga Turawan Ingila. A 1928 wata mata mai suna May Donoghue ta shiga wani shagon shan shayi a garin Paisley na ƙasar Sikotlan, ƙawarta ta saya mata lemon citta a kwalba mai duhu da ba a ganin cikinta, ta sha rabi, da aka juye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya faɗo, a cewarta. Ta yi rashin lafiya, ta kai mai kamfanin lemon ƙara, shi kuma yace ai ba ke kika saya ba, babu ciniki tsakanina da ke. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta ce a'a, alƙali Lord Atkin yace dole mutum ya yi hattara kada ya cutar da maƙwabcinsa, maƙwabci kuma a doka shine duk wanda hankali zai ba ka cewa aikinka zai iya shafarsa. Da wannan ake shari'a a kotunanmu har gobe. Abu uku ake nema: cewa akwai nauyin kula a kansa game da kai, cewa ya yi wasa da nauyin, da cewa wasan nan da ya yi shine ya jawo maka raunin. Direban da ya san birkinsa ba ya ci ya hau titi, mai gini da ya bar rami a buɗe a hanyar yara ba shinge, kamfanin da ya bar wayar wuta ta faɗo tana reto kwana da kwanaki an kai ƙorafi ba su zo ba, likitan da ya manta almakashi a cikin mara lafiya, duk gida ɗaya suke. Amma a maganar asibiti a kula, ba duk mutuwa ko aikin da bai yi kyau bane sakaci, sai an nuna cewa likitan ya kauce wa abin da ƙwararren likita irinsa zai yi, kuma yawanci sai wani likitan ya zo ya ba da sheda. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa tana iya dakatar da likita ko ta soke lasisinsa, amma ba ita ke yanke maka diyya ba, wannan aikin kotu ne.

In kai ma da naka laifin fa? In ɓera da sata daddawa ma da wari. Ka hau babur ba hular kwano, ko ka tsallaka titi a ƙarƙashin gadar da aka yi don masu tafiya a ƙasa, wannan ba ya kashe ƙararka gaba ɗaya, alƙali zai raba laifin ne, in ya ga kashi 30 naka ne sai a zaftare kashi 30 daga abin da za a ba ka.

Yanzu ga inda mu muka yi asara, kuma nan nake so a tsaya sosai. Mun kalli direban muka ce wannan me za a samu a hannunsa, ko an sayar da shi ba zai biya kuɗin ƙarfen ba, tausayinsa ma muka ji. Abin da ba mu sani ba shine doka ba ta tsaya kan direba ba. Matuƙar yana bakin aikin ubangidansa ne lokacin da abin ya faru, ubangidan ma yana da alhaki, ko kamfanin siminti ne, ko mai tireloli, ko makaranta mai bas, ko ma'aikata. Ana haɗa su duka biyu a ƙara. Bayan ubangida kuma akwai inshora. Tun 1945 akwai dokar da ta tilasta wa duk abin hawa da zai hau titi a Najeriya ya yi inshorar ɓangare na uku, wacce ake ce wa tad fati, kuma ma'anarta kenan, ba don mai motar aka yi ta ba, don wanda motar za ta kaɗe ne. Yawancin direbobinmu sun ɗauka takarda ce kawai ta nuna wa ƴan sanda da ƴan Rod Sefti a wuce. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, manyan motocin kaya suna biyan 100,000, Adaidaita Sahu 5,000, babur 3,000. Wancan miliyan 3 ɗin na dukiya ne kamar mota ko shago ko katanga, rauni da rasa rai babinsu daban a cikin inshorar. Kamfanin da ya karɓi kuɗin nan shekara da shekaru, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, mutum ya ba wani ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasin ya bugo masa takarda mai kyan gani amma babu kamfanin da ya san da ita. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID ta intanet a gane ta gaske ce ko a'a. In ta gaske ce a rubuta wa kamfanin wasiƙa da wuri a sanar da su haɗarin, a riƙe kwafi mai hatiminsu. In ta bogi ce to sai a koma kan mai motar da aljihunsa.

Nawa za a ba ni? Babu wani jadawali a Babbar Kotu irin na raƙuma, alƙali ne ke aunawa, amma kuɗin kashi biyu ne. Akwai wanda za a iya ƙirgawa, kuɗin asibiti, hoton ƙashi, magani, sandar dogarawa, kuɗin mota zuwa ganin likita, gyaran babur, ribar sana'ar da ka rasa kwanakin da kake kwance. Wannan sai ka lissafo shi dalla-dalla a takardar ƙara kuma ka kawo hujja, kotu ba ta karɓar "mun kashe kuɗi da yawa wallahi". Sai kashi na biyu wanda ba ya ƙirguwa, zafin ciwo, nakasa, tabo a fuska, rasa jin daɗin rayuwa, da ƙarfin neman abinci da ya ragu har ƙarshen rayuwa. A nan rahoton likita ne sarki, shi zai ce nakasar nan ta dindindin ce ko za ta warke.

Shi yasa maganar masu ɗori take damuna. Ba raina su nake ba, akwai waɗanda Allah ya ba su sani. Amma in aka ɗauke mutum daga bakin titi kai tsaye zuwa gidan mai ɗori, ba hoto, ba kati, ba rasit, to ranar da za a tsaya gaban alƙali babu abin nunawa, kuma in ƙafar ta lalace lauyan ɗaya ɓangaren cewa zai yi ba haɗarin ne ya nakasa shi ba, ɗorin ne. Ko za a je wurin mai ɗorin, a fara zuwa asibiti a ɗau hoto a buɗe fayil. Kuma kada wani ya ce sai an kawo rahoton ƴan sanda kafin a taɓa mara lafiya, sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. A wurin haɗarin kuma wanda ke da waya ya ɗau hoton motocin yadda suke kafin a matsar, da lambar mota, da lambar wayar mutum biyu da suka gani da idonsu, a kira Rod Sefti a 122, a tabbatar ƴan sandan sashen haɗura sun zana taswirar wurin.

Wanda ya ji ciwo a wurin aiki shi tasa hanyar daban ce kuma ta fi sauƙi, a takarda dai. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, NSITF, daga aljihunsa, haramun ne ya cire daga albashinka. In inji ya cinye maka yatsu ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba, ya isa a ce a bakin aiki abin ya faru, har haɗarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki, da cutar da aikin ya jawo, da kurumcewa saboda ƙarar injina. Kuma dokar ta ambaci ma'aikacin wucin gadi da mai koyon sana'a da ɗan aikin gida, ba masu ofis kaɗai ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 na albashinsa duk wata. Sharaɗin shine ka sanar da ubangidanka cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙatar cikin shekara 1. Inda gizo ke saƙar shine masana'antu da yawa ba sa rajistar leburorinsu, ana ji wa yaro ciwo a ba shi ɗan wani abu a ce ya huta a gida, hutun kenan har abada. Irin wannan Kotun Ma'aikata ta ƙasa ake kai shi.

Sai lokaci, wanda shine yake kashe ƙararraki masu gaskiya tun kafin a saurare su. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowace jiha da dokarta ta wa'adi, a Legas da Abuja shekara 3 ne ga ƙarar rauni, don haka a tambayi lauya na jihar da abin ya faru tun da wuri. Amma mafi haɗari ita ce dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ce wanda zai kai jami'i ko hukumar gwamnati ƙara kan abin da suka yi a bakin aiki ya shigar cikin wata 3 kacal, wasu hukumomin ma dokarsu ta ce sai ka ba su sanarwa a rubuce kafin ka je kotu. Wata 3 fa, mai karaya ko sauka daga gado bai yi ba. Akwai togaciya da lauyoyi ke kamawa, amma wa zai so ya fara shari'arsa da roƙon a saurare shi.

Kuɗin lauya kuma, ba ƙarya akwai tsada kuma shari'a na cin lokaci. Dubi yaran Kano da aka yi gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kansu lokacin annobar sanƙarau ta 1996, yara kusan 200, 11 suka rasu, kamfanin bai amsa laifi ba amma ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009, iyalai huɗu na farko ba su karɓi dala 175,000 kowannensu ba sai a 2011, shekara 15 kenan. Amma ba kowace ƙara ce haka ba, kuma akwai hanyoyi. Ƙa'idar aikin lauyoyi ta yarda ku yi yarjejeniya a rubuce cewa sai an ci nasara zai ɗauki kaso, kawai a rubuta kason nawa ne tun farko. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, Ligal Ed, dokarta ta 2011 ta saka ƙarar haɗari da ta diyyar ma'aikata cikin abin da take yi wa marasa ƙarfi kyauta, tana da ofis a jihohi.

Sulhu ma hanya ce mai kyau, ni ban ce kowa ya ruga kotu ba, sau da yawa ma ya fi, ko a gaban mai unguwa ko Hisbah ko zauren sasanci na kotu. Amma sulhu ake yi da ido a buɗe. Kada a sa hannu a takardar da ta ce an gama magana har abada alhali likita bai faɗi ƙarshen ciwon ba, in an kawo kuɗin magani a karɓa a rubuta cewa na magani ne zuwa yanzu, sauran magana sai an ga yadda jiki ya yi. Mai ciwon da kansa ya yi magana in ya dawo hayyacinsa, in rasuwa ce a tara magada na gaskiya, matar ma a tambaye ta ko tana cikin takaba, a ware kason marayu a rubuta.

Mu sai bayan kusan shekara guda, da kuɗin filin suka ƙare, muka je wurin wani lauya da fayil ɗin asibiti a leda. Ya karanta takardar da manyanmu suka sa wa hannu, ya tambayi ranar da abin ya faru, ya tambayi motar ta waye, sannan yace Alhaji da a makon farko kuka zo da ba direban za mu nema ba ma, ma'aikatar za mu rubuta wa. Ɗan uwan namu yanzu yana zaune a bakin kasuwa yana sayar da goro da ƴan kayan tireda a kan tebur, yaransa biyu manya sun bar makaranta suna bin wani ubangidansa na da wurin gini.